Kafin Murya Ta Fashe: Dodon Zangon Wagadugu da Yaran Cocin Turai

Ana saura mako uku azumi ƙanena da ke zaune a Jamus ya turo mini wani ɗan bidiyo ta WhatsApp. Ina shago, rana ta take, ba ciniki, sai na buɗe. Yara ne maza, za su kai tamanin, sun jeru sahu-sahu cikin wani tsohon coci a garin Laifzig. Ba ganga, ba kalangu, murya zalla. Ƙanana a gaba, manya a baya. Can sai wani ɗan mitsitsi, da ƙyar in ya kai shekara goma sha ɗaya, ya ɗauki waƙar shi kaɗai, muryar ta yi sama siririya kamar zare, sauran suka amsa masa. Ko kalma ɗaya ban ji ba, ba kuma addinina ba ne, amma sai da tsigar jikina ta tashi. A ƙarƙashin bidiyon ƙanen nawa ya rubuta: "Yaya, ka tuna lokacin da kai ne mai ba da waƙa?"

Na tuna mana. Shekara arba'in ke nan da 'yan kai, amma in na rufe ido har ƙanshin farar ƙasar da muke shafawa nake ji.

Dodo

Wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Katsina, tashe ya sani: azumi na kai goma yara su fito, wannan ya manna gemun auduga ya zama tsoho, wancan ya rataya jaka ya zama mai magani. A Yamai suna da tobai-tobai, a Bamako yara maza na yin yogoro. Mu a Wagadugu Dodo muke da shi, kuma sunan kaɗai ya isa ya gaya maka bakin da ya kawo shi. Fataken Hausawa ne suka zo da shi tun ƙarni na 19, lokacin da ayarin goro ke ratsa ƙasar Mosi tsakanin Gwanja da ƙasar Hausa. Inda ayari ke sauke kaya nan ne zango, kuma nan unguwarmu ta samo sunanta. Mosawa suka lanƙwasa shi da harshensu ya zama Zangwetin.

Labarin asalin wasan, kowane tsoho da irin nasa. Wanda kakata ta ba mu shi ne na wani mafarauci da aka hana shi fita daji ranar Juma'a cikin watan azumi, ya yi kunnen ƙashi, ya je ya yi kisa, sai aka mayar da shi wata halitta, rabi mutum rabi dabba. Da ya dawo gari aka riƙa yawo da shi gida-gida yana rawa ana ba shi sadaka, don na baya su gani su ji tsoro. Wasu na cewa alkawari ya karya. Ko ma dai wanne ne, wa'azi ne aka sa masa ƙahoni.

Ga yadda muke yi. Tun kafin a ga wata muke tara ƙorai da suka fashe, da kwali, da tsummoki, da igiyar rama. Da su ake haɗa kan dabba: barewa, ɓauna, biri, zaki. Masu rawa su shafe jiki da farar ƙasa, su ɗaura kacau-kacau na gwangwani a ƙafa, su riƙe sanda a kowane hannu kamar ƙafafun gaba na dabba. Akwai mafarauci da baka da kibiya, shi ke tsare dabbobin, shi ke buɗe musu hanya. Akwai makaɗa, gangarsu gwangwanin tumatir babba da aka ɗaure wa fata. Sannan akwai mai ba da waƙa da 'yan amshi. Mutane sun fi tuna ƙahonin da rawar, amma duk wanda ya yi Dodo ya san waƙar ce ke buɗe ƙofa. In mai ba da waƙa ba shi da murya, maigida ko leƙowa ba zai yi ba, sai dai a aiko yaro da dala ɗaya a ce Allah ya ba da sa'a. In kuwa muryar ta shiga har cikin ɗaki, sai ka ga an fito da fitila, mata sun shimfiɗa tabarma, a ce a sake daga farko. Nan ake samun dala biyar, dala goma, wani lokaci har da ƙosai da kunun da ya rage.

Sai an sallame asham muke fita, wannan doka ce, ba mai karya ta. Babbanmu, wani yaro ɗan shekara goma sha shida, shi ke riƙe kuɗin cikin gwangwanin madara, ba a taɓawa sai jajiberin Salla. Shi ke zaɓen mai ba da waƙa, kuma ba ya duba ɗan wane ne. Azumi biyu a jere ni ya zaɓa.

A na uku ne abin ya faru. Muna ƙofar wani babban gida, gidan da muka fi sa wa rai duk shekara, na ɗaga murya zan kai inda na saba kaiwa, sai ta tsage biyu kamar ta ɗan zakara mai koyon cara. 'Yan matan gidan suka kwashe da dariya. Na sake, ta sake tsagewa. Babbanmu bai ce uffan ba. Ya kamo wani ɗan ƙaramin yaro daga cikin 'yan amshi ya tura shi gaba, ni kuma ya miƙo mini gwangwani. Daren nan ban yi barci ba. Ba wanda ya gaya mini cewa ba laifina ba ne, cewa maƙogwaron ɗa namiji girma yake yi in ya fara balaga, jijiyoyin murya su ƙara tsawo da kauri, murya ta sauka ƙasa ba ta kuma komawa. Na ɗauka wani ne ya yi mini baki.

Abin da na tarar da na bi sawu

Bidiyon ƙanena ya sa na yi kwanaki ina karance-karance a waya, da ɗan Faransancin da na tsinta a kasuwa. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shekaru. Ƙungiyar yaran da na gani, ta cocin Tomas a Laifzig, an kafa ta a 1212. Ta Regensburg, ita ma a Jamus, tana lissafin kanta daga 975. Ta Biyana a Ostiriya daga 1498, zamanin sarki Maksimiliyan. Yaro ba ya wuce 'yan shekaru a sahun masu siririyar murya, amma sahun bai taɓa yankewa ba, ɗari takwas, dubu. Kamar kogi: ruwan jiya ba shi ne na yau ba, amma kogin na nan.

Dalilin da ya sa yara maza ne ba boyayye ba ne. Ƙarnuka da yawa ba a yarda mata su yi waƙa cikin ibadar manyan coci-coci ba, waƙoƙin kuwa suna buƙatar murya ta sama. Sai aka buɗe makarantu a jikin cocin. A ɗauki yaro, a ciyar da shi, a tufatar da shi, a koya masa karatu da rubutu da Latinanci, shi kuma ya biya da muryarsa safe da yamma. Ɗan talaka mai murya ta nan yake samun ilmin da ubansa ba zai iya saya masa ba.

Da can da ka ake koyon komai, kamar yadda muka koyi namu. Yaro kan yi shekara goma kafin ya haddace waƙoƙin shekara guda na ibada. Wajen 1025 wani malamin coci ɗan Italiya, Gido na garin Arezzo, ya fito da dabarar zana layuka a ɗora alamomi a kansu, kowace alama da muryarta, har ya yi alfahari cewa aikin shekara goma ya koma shekara ɗaya ko biyu. Wannan "do, re, mi" da 'ya'yanmu ke rerawa a lakwal, daga dabararsa ta samo asali. Wato don a sauƙaƙa wa yara aka ƙirƙiro rubutun kiɗan da duniya ke amfani da shi yau. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Abin da ya sa na yi dariya ni kaɗai a shago kuwa shi ne da na ga su ma bara suke yi. A Jamus ɗaliban da ba su da hali sukan haɗu su bi gida-gida suna waƙa a ba su burodi ko 'yan kuɗi, suna kiran abin Kurende. Martin Luta, wanda tafarkin Furotesta ya faro daga gare shi, ya yi wannan yawon yana yaro a garin Aizenak. To, in ba almajirci ba, mene ne sunan wannan? Yaran Laifzig ma sun yi shi, cikin sanyin da ke daskarar da ruwa, suna kuma raka gawa maƙabarta da waƙa a biya su. A Ingila da wasu ƙasashe har wani wasa suke da shi: ranar 6 ga Disamba yaran su zaɓi ɗaya daga cikinsu a naɗa shi bishop na wasa, a sa masa rigar manya da hula da sanda, ya riƙe muƙamin har 28 ga wata, wani lokaci har huɗuba yake yi manya na zaune suna saurare. Sai da Sarki Henri na 8 ya hana. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan tashe ya naɗa rawanin tsumma yana kwaikwayon malam, ya san wannan wasan ko ba a fassara masa ba.

Malamansu kuma kukansu irin na malamanmu ne. Yohan Sebastiyan Bak, wanda Turawa ke sa wa a sahun farko na masu tsara kiɗa, shi ne malamin yaran Laifzig daga 1723 har rasuwarsa a 1750. A 1730 ya rubuta wa hukumar gari takardar koke, ya lissafa ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya: 17 za su yi aiki, 20 ba su kai ba tukuna, 17 kuwa ba su da amfani sam. Na karanta wa wani abokina malamin allo wannan lissafin, ya ce wallahi ko shi ba zai raba nasa fiye da haka ba.

Sai labarin da ya fi taɓa ni. Yosef Haidin, wanda daga baya ya zama babban mai tsara kiɗa, ya yi shekaru yana waƙa a babban cocin Biyana tun yana ɗan shekara takwas. Da muryarsa ta fashe, wajen 1749, yana da shekara goma sha bakwai, aka sami dalili, wai ya datse wa wani ɗan'uwansa ɗalibi kitso da almakashi, aka yi masa bulala aka kore shi titi. Ni gwangwani aka miƙo mini, shi ko gwangwanin bai samu ba. Ku lura kuma da shekarun: goma sha bakwai. Yaran yanzu, a can da nan, tun suna sha uku ko sha huɗu muryar ke sauka. Lokacin ya ƙara gajarta.

Kada a ga kyau kawai

Ba zan yi muku tallan Turai ba, ni ɗan kasuwa ne, na san kowane kaya da bayansa. A Ingila akwai zamanin da sarauta ke ba malamin waƙa takardar izinin ya ɗauke duk yaron da ya ji muryarsa ta yi masa, ko iyaye sun so ko ba su so ba. A Italiya abin ya fi muni: ƙarni na 17 da na 18 an yi wa dubban yara dandaƙa kamar bunsuru don kada muryarsu ta fashe, mafi yawansu 'ya'yan talakawa, kaɗan ne kuma suka yi suna. Na ƙarshen irinsu da ya yi waƙa a fadar Paparoma, Moreski, sai a 1922 ya mutu. Ba kuma tsohon labari ne kaɗai ba. A 2017 wani bincike da aka yi kan ƙungiyar Regensburg ya nuna aƙalla yara 547 ne aka yi wa dukan zalunci ko lalata tsakanin 1945 da farkon shekarun 1990, a cikin makarantar kwana mai suna da daraja, inda iyaye ke murna an karɓi ɗansu.

Na tsaya a kan wannan ne saboda mu fatake mu ne gwanayen tura yaro nesa. A kai shi wurin malam a wani gari, a kai shi gidan ɗan'uwa a Abijan ko Kumasi, mu kuma muna kan hanya, sai Salla mu buga waya. Duk inda aka tara yara aka rufe ƙofa, aka ce malam ba ya kuskure, yaro kuma ba shi da wanda zai kai wa kuka, abu ɗaya ne ke iya faruwa, ko coci ne ko tsangaya. A nan Dodonmu ya fi su: a titi ake yinsa, gaban iyaye, kowa ya koma ɗakin uwarsa ya kwana.

Su sun tashi tare, mu mun watse

Amma ga tambayar da ta hana ni sakat. Me ya sa tasu ta kai shekara ɗari takwas, tamu kuwa a gaban idona ta sulale daga hannunmu?

Ba don ba su ga masifa ba ne. A watan Disamba na 1943 jiragen yaƙi suka yi wa Laifzig ruwan bama-bamai, gidan kwanan yaran ya lalace. Aka kwashe su gaba ɗaya, da malaminsu da littattafansu, zuwa wani ƙaramin gari mai suna Girima, suka ci gaba da waƙa. A Biyana, da daular ta faɗi a 1918, fadar da ke ciyar da yaran ta tafi da ita. Wani limamin coci, Yosef Shinit, ya sa dukiyarsa ya sake tara su, a 1924 ƙungiyar ta tsaya da ƙafarta, suka fara yawon duniya suna waƙa don su ciyar da kansu. Tun lokacin suke sa tufafin nan irin na matuƙan jirgin ruwa. Yau yara ne wajen ɗari, an kasa su huɗu, wani kashi na gida wani na hanya, kamar dai ayari. A Kambirij ta Ingila kuwa, Sarki Henri na 6 da ya kafa kwalejinsa a 1441 ya rubuta cewa yara goma sha shida za su riƙa waƙa a ciki, har gobe goma sha shida ne. Tun 1928 BBC ke watsa waƙarsu ta jajiberin Kirsimeti, kuma yaron da zai buɗe shi kaɗai ba a gaya masa sai dab da farawa, don kada fargaba ta cinye shi tun da dare.

In ka duba, abu uku suke da su: gida, littafi, da babban mutum da aikinsa ke nan. Mu unguwa ce gidanmu, ita ce littafinmu, ita ce malaminmu. Ɗan shekara sha shida ya koya wa ɗan sha biyu, shi kuma ya koya wa ɗan takwas, a lungu ɗaya, bayan masallaci ɗaya. Babu babba ko ɗaya da ya taɓa zama ya koya mana, ba a kuma bukaci haka ba muddin lungun na nan.

Na ga irin wannan tun ina matashi, ban dai gane ba. Zamanin Sankara, tsakanin 1983 da 1987, an kafa ƙungiyar yara mawaƙa, Petits Chanteurs au Poing Levé, wato ƙananan mawaƙa masu ɗaga dunƙulallen hannu, da ta 'yan mata, Colombes de la Révolution. Sunan ma martani ne ga wata tsohuwar ƙungiyar yara ta Paris, masu rataya gicciyen katako. Muna ganinsu a talabijin da kayan kiɗa na zamani, mu da gwangwaninmu, hassada kamar ta kashe mu. Da aka kashe Sankara ranar 15 ga Oktoba 1987, ba a jima ba aka daina jin ɗuriyarsu. Na Paris ɗin suna nan har yau. A lokacin na ce a raina: ai namu ba na gwamnati ba ne, ba mai iya rushe shi.

Sai 2003. Shekarar ba ta yi wa 'yan kasuwar Wagadugu daɗi ba. A watan Mayu babbar kasuwa, Rood Woko, ta ƙone, ba a sake buɗe ta ba sai 2009. A shekarar ce kuma aka tashi tsofaffin unguwannin tsakiyar gari don aikin ZACA, Zangwetin da Kuluba da Tiyedpalogo da maƙwabtansu, mutum fiye da dubu goma. An ba da filaye a Waga 2000 da Niyoko. Maganar diyya ba ita ta kawo ni ba yau, kowa da abin da ya gani. Abin da nake faɗi shi ne ba mu tashi tare ba. Wani ya gina a filinsa, wani ya sayar ya nufi bayan gari, wani ya koma Nijar ko Gana. Ni yawo ya kawo ni Zongo ta yammacin gari, inda nake yanzu, suna kamar namu amma maƙwabtana yawanci Mosawa ne, mutanen kirki. Azumin da ya biyo baya, yaron da ya kamata ya koyi waƙa yana gabas, wanda zai koya masa yana yamma, tsakaninsu tafiyar rabin awa a babur. Daga baya rashin tsaro ya zo, tun harin titin Kwame Nkuruma na Janairun 2016 uwa ba ta son ɗanta ya yi nisa da dare, ba kuma wanda zai ga laifinta. Ko a Kano 'yan sanda sun sha dakatar da tashe a 'yan shekarun nan saboda ɓata-gari. Abin da ya rage, waya ta ƙarasa shi.

Kada a ce na ce Dodo ya mutu. Yana nan a Wagadugu, har gasa ake shirya masa, 'ya'yan Mosawa, Musulmi da Kirista, sun riƙe shi da kyau da harshensu, kawunan dabbobinsu ma sun fi namu ƙawa nesa ba kusa ba. Ban ji haushi ba, abin da ka kawo gari ya karɓa ai alheri ne. Abin da ya yi mini ciwo shi ne ranar da autana, ɗan shekara goma sha biyu, ya ga masu Dodo sun wuce ya ce mini: "Baba, wasan Mosawa ne ko?"

Ishiriniya

Na san akwai masu karatu da tun ɗazu suke cewa a ransu: Alhaji, wata mai alfarma, ka tsaya kana kukan ƙahoni da gwangwani? Malamai da yawa ba sa son Dodo, suna ganin shagala ce, ina kuma girmama maganarsu, ko da yake ni ban taɓa rasa asham saboda shi ba. To, mu ajiye ƙahonin. Muna da wata taskar da ba mai jayayya a kan tsufanta.

Wanda ya taɓa kwana kusa da zauren da ake karatun Ishiriniya a watan Maulidi ya san abin da nake nufi: babba ya ja baiti, yara su ɗauka da siririyar murya, dare ya yi tsit. Mai ita, Alfazazi, mutumin Andalus ne, ya rasu a 1230. Ana ce mata Ishiriniya don kowane harafi na Larabci baiti ashirin aka yi masa. Ku duba shekarar da kyau: tsararta ɗaya da ƙungiyar Laifzig. Andalus kuwa Sifen ce ta yau. Wato yabon Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da yaranmu ke rerawa a Kano da Zinder da Kumasi, ɗan ƙasar Turai ne ya tsara shi, ya ƙetare teku da hamada, ya yi shekara ɗari takwas bai faɗi ba. Me ya riƙe shi? An rubuta shi, akwai zaure, akwai malami. Abu ukun nan dai. Ashe mun san dabarar tun tuni, waƙoƙin yaranmu ne kawai ba mu ga sun cancanci tawada ba.

Daren Laraba

Autan nan nawa yana da murya. Ba don ɗana ba ne, uwarsa ma da ba ta yabon kowa ta ce irin tawa ce ta da, wai har ta fi. A banɗaki yake waƙa, ko in ya sa abin kunne yana bin mawaƙan waya. Bai taɓa tsayawa gaban 'yan amshi ba, bai san daɗin ka ja baiti mutum goma su ɗauke maka ba. Na ƙirga: in ya yi sa'a azumi biyu suka rage masa.

Na je wurin limamin masallacinmu na faɗa masa abin da ke raina. Ya yi shiru, sannan ya ce in bayan asham ne, a ƙofar gida, babba na zaune, a kuma fara da yabo kafin wasa, shi ba shi da ta cewa. Na bi gidajen Hausawa da Zabarmawa da ke kusa, na kuma gaya wa maƙwabcina Bamoshe ya turo nasa. Sharaɗin da iyaye mata suka kafa shi ne ba fita unguwa, kuma ƙarfe goma kowa na gida. Wata ta tambaye ni 'yan mata fa? Na ce ko Turawan sun fara buɗe musu ƙofa, babban cocin Solsberi a Ingila tun 1991, mu kuwa 'yan matanmu dama da tashensu tun fil azal, sai dai a samu uwar da za ta zauna da su. Ta ce ita ce.

Sai matsalar waƙoƙin. Na zauna zan rubuta, na tarar uku kawai nake iya kaiwa ƙarshe, sauran farkonsu ne ya rage mini. Na ɗauki babur na tafi Niyoko neman babbanmu na da, mai gwangwanin madara. Na same shi ya tsufa fiye da shekarunsa, ido ɗaya ya tafi. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni ya yi dariya har da tari, ya ce: "Kai da muryarka ta tsage a ƙofar gidan mutane?" Ashe bai manta ba. Na kunna waya na ajiye a gabansa. Ya yi bakwai, a ta takwas ya tsaya a tsakiya, ya yi ta lalube bai samu ba, ya ce akwai wata ƙanwarsa da ke aure a Bobo, ita ba ta mantuwa, zai sa a kira ta.

Daren Laraba da ta wuce yara goma sha ɗaya suka zo ƙofar gidana. Biyu ba sa jin Hausa, uku kunya ta hana su buɗe baki, ɗaya kuwa murya kamar ana jan buhu a kan siminti, na ba shi gwangwani tun kafin ya ji ciwo, na ce masa in ba makaɗi ba waƙa. Na kunna musu muryar tsohon, suka bi, suka ɓata, suka sake. Ban zaɓi mai ba da waƙa ba, na bar wa babbansu, wani ɗan shekara goma sha biyar, kamar yadda aka yi mana. Ya saurare su ɗaya-ɗaya, ya wuce ɗana, ya nuna ɗan maƙwabcina Bamoshe. Gaskiyarsa, yaron ya fi. Autana ya koma cikin 'yan amshi fuska a murtuke, uwarsa na leƙe ta taga tana harara ta kamar ni na yi zaɓen. Mun sa Asabar za a sake haɗuwa, kuma ance wanda ya fi riƙe baitocin shi zai ja ta biyu. Tun jiya nake jin sa a bayan gida yana maimaitawa.